A fassara mana littattafan duniya da Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina sayar da yadi a Agege, nan Legas, kuma idan kasuwa ta lafa karatu ne abokin hirata. Kwanakin baya ɗana ya kawo mini tarin gajerun labarai na Banu Mushtaq, 'yar kudancin Indiya, wadda ta ci kyautar International Booker ta 2025. Da harshen Kannada ta rubuta, Deepa Bhasthi ta mayar da shi Turanci, suka raba fam 50,000 daidai wa daida. Labaran matan Musulmi ne: kishiya, saki, miji mai son ɗa namiji ido rufe. Wallahi kamar a unguwarmu aka zauna aka rubuta. Sai dai uwargidana ba ta jin Turanci, ni nake juya mata da baki bayan isha'i, rabin daɗin ya zube a hanya.

Jokha Alharthi ta Oman ma ta ci wannan kyauta a 2019, ita da Larabci ta rubuta, ga masu Larabci birjik a Kano. Don Allah jaridarku ta ware shafi ko sau ɗaya a wata, a nemi izinin marubutan, a biya mai fassara haƙƙinsa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas