Haba malam, besbol fa ba ƙwallon ƙafa ba ce

Assalamu alaikum Edita,

Wallahi maganar da mai gabatar da filin wasanninku ya yi ranar Asabar ta ɓata min rai, wai shi a ganinsa duk ɗan wasan da ƙungiyarsa ba ta ɗauki kofi ba bai kamata a ba shi MVP, wato kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, na besbol ba, har da dariyarsa yana cewa ina amfanin gwarzon da ya koma gida hannu rabbana. Haba malam. Lissafin Ballon d'Or ne fa ka kwaso ka jibga wa wasan da ba nasa ba, kuma abokin aikin naka da ke gefe sai ƙwarai kuwa ƙwarai kuwa yake ta yi, ko tambaya ɗaya bai yi maka ba.

Ni tasi nake ja a Bronx ta birnin New York, filin ƙungiyar Yankees ɗin nan na titi na 161 nan ne wajen cin abincina, daga Afrilu har Oktoba wasan nan a kunnena yake, in ba rediyon mota ba to fasinja, musamman mutanen Dominika da in suka fara musu sai ka ɗauka dambe za a yi. Wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa kafin ma a fara zancen kofi. Mutum tara ne ke riƙe sanda bi da bi, kome gwanintarka sai layi ya zo kanka, sau huɗu ko biyar a wasa shikenan. Ba inda koci zai ce ku yi ta miƙa wa Messi ƙwallo. In masu jifan ƙungiyarka suka zubar da wasa kai kana can bakin katanga da safar hannu kana kallo, to laifin me ka yi?

Kuma da ya ɗan bincika kafin ya hau iska da ya san cewa tun kafin a fara wasannin kofin ake kaɗa ƙuri'ar. 'Yan jarida 30 ne ke zaɓen a kowace lig, bibbiyu daga kowane gari mai ƙungiya, kowa ya jera suna goma, na ɗaya maki 14 na biyu maki 9 haka har ƙasa. Takardar ƙuri'ar kanta ta faɗa ƙarara cewa ba dole sai ƙungiyar mutum ta tsallaka zagayen kofi ba.

A 2024 ina fake a wajen filin daren da Dodgers suka ɗaga kofi a gabanmu. Yankees na gaba da 5 da nema, aka ɗago wa ɗan wasansu Aaron Judge ƙwallo mai sauƙi ta faɗo daga safar hannunsa, daga nan komai ya kwance aka tashi 7 da 6. Wani dattijo ya shigo motata sanye da riga mai lamba 99 irin ta Judge, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, har muka tsallaka gada bai ce uffan ba sai da zai sauka ya ce min shi dai har gobe Judge nasa ne. Bayan 'yan makonni aka ba Judge ɗin MVP, duk su 30 shi suka sa a farko, saboda hom ron 58, wato buga ƙwallo ta tsallake katanga, da ya yi a shekarar ƙwallo ɗaya ba ta goge su ba. Da ta mai gabatarwarku ce da an hana shi kenan.

Amma wadda har yau take ci min tuwo a ƙwarya ita ce ta 2012. Mike Trout na ƙungiyar Angels yana yaro sabon shiga, ya buga hom ron 30, ya saci bes sau 49, wato tserewa zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, ga tsaron tsakiyar fili da ba a magana, aka ɗauki MVP aka ba Miguel Cabrera na Detroit da ƙuri'ar farko 22 shi kuma 6. Ban raina Cabrera ba, shi ya zo na ɗaya a abu uku na bugu a lokaci guda, abin da tun 1967 ba wanda ya yi, in da wannan kaɗai aka kafa hujja sai in yi shiru. Amma da yawa cewa suka yi ai shi ya kai Detroit zagayen kofi. To Detroit wasa 88 ta ci, Angels ɗin Trout 89. Rukunin yamma da aka saka Angels ne kawai ya fi zafi. Wato an hukunta yaro saboda ƙungiyarsa tana yamma. Irin tunanin nan ne kuka sake watsawa ranar Asabar, alhali su kansu masu ƙuri'ar sun fara dawowa daga rakiyarsa, a 2021 Angels sun sha kashi sau 85 sun ci 77 amma ɗan wasansu Shohei Ohtani da hom ron 46 ga kuma jifa, baki ɗaya suka ba shi.

Sannan don Allah kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai karanta sakamakon wasanni ku rage shi, a mota ba ma jin komai sai ganga, na sha turo saƙo a kan haka shiru kamar an shuka dusa. Labarin dambe ma kun daina kawowa kwata-kwata, mu da ke nesa a wajenku muke ji.

In za ku sake taɓo besbol ku nemo wanda yake kallonta, muna nan da yawa a Bronx, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, ba sai an biya mu ko sisi ba.

Naku,
mai sauraro daga Bronx, New York