Edita, a ba hawan jini da ciwon zuciya fili a jaridar nan

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina son rubuto wannan wasiƙa amma sai in ɗauki waya in ajiye, to yau dai na ce sai na rubuta. Kusan duk sanarwar rasuwa da nake karantawa magana ɗaya ce, wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, wance ta yanke jiki ta faɗi kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mun yi imani kowa da ranarsa, amma da yawa daga cikin abin da muke kira gajeriyar rashin lafiya wallahi ba gajeriya ba ce, ciwo ne da ya shekara biyar ko goma yana cin mutum a ɓoye, ranar ƙarshen ce kawai muka gani.

Abin ya faru a gidanmu shi ya sa nake magana da zafi. Yayana an auna shi an ce yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani, ya sha kamar wata uku ya ji garau sai ya ajiye, wai shi ba zai zama bawan ƙwaya ba tunda ba abin da ke masa ciwo. Mu ma ba wanda ya matsa masa don a ido lafiyarsa ƙalau, yana fita aikinsa yana dawowa. Bayan kusan shekara biyu wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe yana son kiran sunan matarsa ya kasa. Abin da har yau yake ci min rai shi ne kwantar da shi muka yi muna masa fifita muna cewa gajiya ce a bari ya huta, sai da yamma muka kai shi asibiti. Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce ƙarfe nawa abin ya fara, da muka faɗa masa sai ya yi shiru, daga baya ya yi mana bayani cewa idan gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa akwai allurar da ke narkar da shi amma sai a cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Yaya yana nan da ransa alhamdulillahi, amma hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa aiki, maganar ma da kyar.

Tun daga ranar na shiga karance-karance da tambayar likitoci, kuma abin da na gano ya tayar min da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, a 2019 kaɗai sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen shekarar, kuma kashi 85 cikin 100 na wannan adadi bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Masu cewa ciwon masu kuɗi ne su ji, sama da kashi uku cikin huɗu na mace-macen nan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa.

Ni a fahimtata uwar tafiyar ita ce hawan jini. Zuciya famfo ce, tana bugawa kusan sau 100,000 a rana ba hutu, jijiyoyi kuma su ne bututun. Idan ƙarfin jinin ya yi yawa shekara da shekaru yakan lalata bangon jijiya, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntace, ita kuma zuciyar ta yi ta aikin ƙarfi har naman ta ya yi kauri daga baya ta gaji, ƙoda da ido ma ba su tsira ba. Duk wannan yana faruwa mutum bai ji komai ba, ba ciwon kai ba jiri, shi ya sa masu jiran sai kansu ya sara kafin su ce jininsu ya hau suke yaudarar kansu. Hukumar ta ce a 2019 manya kimanin biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini, kusan kashi 46 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne kacal cikin biyar ya shawo kan nasa. Alhali awon bai kai minti biyar ba, ba allura ba ɗibar jini, idan an auna a ranaku biyu daban-daban aka ga 140/90 ko sama to akwai shi. Kuma maganin ba irin na zazzaɓi ba ne da za ka sha ka warke ka ajiye, danne ciwon yake yi, ranar da ka daina jinin ya koma inda yake. Idan wata ƙwayar ba ta karɓe ka ba, tana sa ka tari ko kumburin ƙafa ko wata matsala da kake jin nauyin faɗa, koma ka gaya wa likita ya canza maka, kala-kala ne.

Bugun zuciya kuma toshewar jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ce. Mutum zai ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon yana tafiya hannu musamman na hagu ko wuya ko muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi ga tashin zuciya ga haki. Da yawa suna ɗauka gyambon ciki ne su sha maganin olsa su kwanta. Mata da masu ciwon suga nasu ma yakan zo a sauye, ƙila gajiya ce mai tsanani da numfashi sama-sama kawai. Akwai kuma gazawar zuciya, ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara filo, ya ɗan yi tafiya kaɗan ya hau haki.

Kada a ce na tsofaffi ne kaɗai. Yaro zai iya yin ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta a ƙi kula da shi yadda ya kamata, daga baya ya taɓa masa ƙofofin zuciya ya zame masa ciwon rayuwa. Mai juna biyu kuma jininta kan hau har ya kai ga jijjiga, wannan na daga cikin dalilan zuwa awo.

Rigakafin duk mun sha ji, a rage gishiri ya zama ƙasa da giram 5 a rana wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba har da wanda ke ɓoye a kayan gwangwani da na leda, a bar taba, a motsa jiki minti 150 a mako ko da tafiyar sauri ce, a kula da suga da kitsen jini da ƙiba. Wanda iyayensa ko 'yan uwansa ke da ciwon shi ya fi kowa buƙatar awo da wuri, ni yanzu duk wata nake auna nawa.

Roƙona gare ka Malam Edita, ranar 17 ga Mayu ta hawan jini da 29 ga Satumba ta zuciya sun yi kaɗan, labari ɗaya a shekara ba zai shiga kunnen mutane ba. Dan Allah ku ware fili ko rabin shafi ne duk mako, likita ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausar da kowa zai gane. Sannan ku riƙa maimaita alamomin shanyewar ɓarin jiki har a haddace su, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, da an ga ko ɗaya a duba agogo a riƙe lokacin a garzaya asibiti, kada a ba shi ruwa ko abinci don zai iya shaƙewa, kada a ba shi asfirin don wani lokacin jijiya ce ta fashe ba toshewa ba kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa. Mu bakwai ne a gidan ranar da abin ya samu Yaya, ba ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa karanta waɗannan layukan a ko'ina.

Na gode, a huta lafiya.

Daga mai bibiyar jaridarku a kullum.