A ba marar lafiya bayanin magani da harshen da yake ji

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma na sha ganin mutum ya bi layi tun asuba, ya ga likita, ya sayi magani da kuɗin guminsa, sannan ya koma gida bai san yadda zai sha shi ba.

Ba na mantawa da wata baiwar Allah da ta kawo ɗanta yana gudawa. Aka ba ta ledar garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, aka ce ta jiƙa ta riƙa ba shi. Ta je ta juye ledar duka a ƙaramin kofi, a ganinta in ya yi kauri ya fi ƙarfi. Washegari ta dawo da yaron ya fi jiya galabaita. Ledar nan don lita 1 ta ruwa mai tsabta aka yi ta, in ruwa ya yi kaɗan gishirin ya yi wa yaro yawa. An rubuta haka a jikin ledar, amma da Turanci. Ita kuwa daga ruga ta zo, Fulatanci take ji, Hausar ma sama-sama. Har yau in na tuna fuskarta sai raina ya ɓaci, don ta yi iya ƙoƙarinta, mu ne ba mu isar mata da saƙon ba.

Haka abin yake da maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem. Sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, kuma ya fi shiga jiki in an haɗa shi da madara ko abinci mai maiƙo. Amma da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye sauran ƙwayoyin "saboda gaba".

Shawarata ita ce a yi amfani da abin da ke aljihun kowa. A shirya gajerun bidiyo na minti biyu ko uku, a sa su a allon da ake taɓawa a wurin jiran likita da wurin karɓar magani. Mai jinya ta ji murya ta zaɓi harshenta, Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci. A bidiyon ORS, ta ga hannun mace 'yar'uwarta yana juye ledar fiya wata biyu, kowace rabin lita, a kwano mai tsabta, ya zuba garin ya motsa. Daga nan na'urar ta tambaye ta: "In ruwan ya kwana ya wuni, za ki ci gaba da ba shi ko za ki haɗa sabo?" Ta taɓa hoton amsarta. In ta kuskure, a sake nuna mata. Wannan tambayar ce ta fi muhimmanci a wurina, domin mutanenmu suna da kunya da kawaici. Ka ce "kin gane?" ta ce "na gane", alhali tsoron tsawa ne ya sa ta faɗa. Na'ura kuwa ba ta gajiya, ba ta harara.

Kafin ta tafi a tura mata bidiyon a waya ta Bluetooth ko Xender, ba sai da data ba, kamar yadda masu tura fina-finai ke yi a kasuwa. Mai gida ya gani, kaka ma ta gani, tunda sau da yawa su ke yanke hukunci kan jinyar yaro. Mai ƙaramar waya kuma a ba shi lambar da zai kira kyauta, ya danna 1 ko 2 ya saurara da harshensa.

Sai dai a yi hattara da fassara. Kalmar "sanyi" a bakin mata tana ɗauke da cututtuka iri-iri, haka "shawara" da "basir". Wanda bai zauna da marasa lafiyarmu ba ba zai san haka ba, don haka likitoci da ungozomomi da masana harshe na gida su ya kamata su tsara maganar. A kuma sa rubutun ajami a ƙarƙashin hoton. Dattijon da muke cewa bai iya karatu ba yana karanta ajamin da ke jikin takardar naira sarai. Akwai kuma matan da ke zuwa da ɗan cikinsu ya yi musu tafinta, su kasa faɗin ciwon da ya kawo su. Abin sawa a kunne da muryar mace zai sauƙaƙa musu sosai.

Mun ga abin da jita-jita ta yi mana a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali. Yau saƙonnin murya na masu tallar magani suna yawo a WhatsApp da Hausa mai daɗi, sahihin bayani kuma yana kulle a takardar Turanci.

Ba na cewa allo ya maye gurbin ma'aikacin jinya. Zai dai rage masa maimaita magana ɗaya sau hamsin a rana, ya samu lokacin sauraron mai matsala ta daban. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu su gwada wannan ko da a asibitocin shan magani kaɗan ne. Ku ma, ranka ya daɗe, kuna da masu murya da kayan ɗauka. Ku fara da uku: haɗa ORS, shan maganin zazzaɓi har ƙarshe, da alamomin haɗari ga mai ciki. Likita ya duba kafin a saki.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Zariya.