Sanarwa game da ma'anonin kalmomin Turanci da ake turowa

Assalamu alaikum, ƴan uwa ɗalibai da malamanmu masu daraja.

Daga yau muna roƙon duk wanda zai turo ma'anar kalmar Turanci ya ɗauko ta daga ƙamus ingantacce, ya bayyana ko suna ce ko aikatau ko sifa, sannan ya kawo jumlar da aka yi amfani da ita. Dalili kuwa shi ne kalma guda tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Kalmar "bank" a wata jumlar banki ne da ake ajiyar kuɗi, a wata kuma gaɓar kogi ce, irin gaɓar Rima da manoman shinkafa ke aiki a fadamarta, kuma ɗalibin da ya haddace ta farko kaɗai zai ruɗe ranar jarrabawar JAMB ko WAEC. Haka "lead" take, domin dalma da jagoranci rubutunsu ɗaya ne, furucinsu kuwa daban.

Ƙamus kan jera ma'anoni da lambobi, don haka kada a tsaya a ta farko. Mai neman fassara zuwa Hausa zai amfana da ƙamusun Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990. Fassarar da waya ke bayarwa nan take ba ta isa hujja ba, musamman ga ƙannenmu ƴan sakandare da suka dogara da mu.

A riƙa turo kalmomi biyar kacal a rana, bayan sallar Isha'i. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.