Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni: wa ke sauraron tashar da ba ta sa waƙa?

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron ɗaliban aikin jarida ka miƙe ka ce ba ka yarda gidan rediyon da ba waƙa, ba wasan kwaikwayo, ba gaishe-gaishe, sai labarai dare da rana, zai iya riƙe kansa ba. Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa nake amsa maka a nan, kowa ya karanta.

Je ka binciki tarihin WINS ta birnin New York a Amurka, wadda ke kan lamba 1010 a matsakaicin zango, wato AM. Ba da labarai ta fara ba. Wani babban kanti mai suna Gimbels ne ya kafa ta a 1924, tana amsa sunan WGBS. Bayan attajirin jaridu William Randolph Hearst ya saye ta ne ta koma WINS. A shekarun 1950 kuwa kiɗan samari ya sa ta yi tashe, zamanin shahararren mai sa faifai Alan Freed.

Kamfanin Westinghouse ya karɓe ta a 1962, ya tarar kasuwar kiɗa ta cika, kuma tashoshin WABC da WMCA sun tsere mata. Ranar 19 ga Afrilu, 1965 aka tattara faya-faye aka ajiye, aka koma labarai zalla. Kasada ce babba, domin mai sa faifai mutum ɗaya ne, labarai kuwa sai da wakilai da editoci da masu karantawa suna karɓa-karɓa har asuba.

Inda hasashenka ya kauce shi ne, kana zaton suna so ka wuni tare da su. Ba su taɓa neman haka ba. Kirarinsu ma cewa yake ka ba su minti 22 su ba ka duniya. Labaran zagayowa suke yi, rahoton cunkoson hanya da na jiragen ƙasa yana zuwa duk bayan minti goma a kan ƙa'ida, ga hasashen yanayi, ga ƙarar na'urar buga labarai da suka daɗe suna sawa a ƙarƙashin muryar mai karatu. Direban tasi ya murɗa, ya ji wace gada ce ta cushe, ya kama gabansa, wani ya shigo. Wannan tururuwar masu leƙowa suke sayar wa masu talla. Ni kaina ba zan iya sauraronta awa biyu a jere ba, kuma ba a gina ta don haka ba.

Watanni kaɗan da sauyin, ranar 9 ga Nuwamba, 1965, wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka, mutum kusan miliyan 30 suka shiga duhu. Talabijin ta mutu, aka koma ga ƙananan rediyo masu batir, WINS kuma tana cikin tashoshin da suka ci gaba da magana.

Amma kana da taka gaskiyar. WCBS, kishiyarta da ta shiga wannan layi a 1967, ta rufe labarai a watan Agusta na 2024, aka mayar da zangonta na 880 tashar labarin wasanni. WINS ita ma tun Oktoban 2022 ta kama wuri a FM, lamba 92.3, saboda masu sauraron matsakaicin zango raguwa suke yi. Idan ka tashi rubuta aikinka, raba tambayar biyu: tsadar haɗa labarai daban, tsufan AM daban.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Yayanka a wannan sana'a