Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Masu Renon Tsirran Ado Masu Kaurin Ganye

Assalamu alaikum 'yan uwa. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

Zaman duba tukwane shi ya fi cin lokacinmu, inda kowa ke kawo tsiron da ya ga ya soma yaushi. Kusan kullum ciwon ɗaya ne: yawan ban ruwa. Waɗannan tsirrai suna ajiye ruwa a ganye da kara, to in ƙasa ta daɗe a jiƙe sai saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Ganye ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa, mai shi ya zaci ƙishi ne ya ƙara zuba ruwa, shi ke nan ya ƙarasa shi. Shi ya sa muka tsayar da ka'ida: a soka tsinke har gindin tukunya, in ya fito a bushe sannan a ba da ruwa sosai har ya zubo ta ƙasa. Tukunyar da ba ta da huji, komai kyanta, mun daina karɓarta a baje kolinmu. Wasu sun ji zafin wannan, amma kwamiti bai janye ba.

A bitar haɗa ƙasa mun nuna yadda ake gauraya ta da yashi mai kauri da ƙananan tsakuwa. Tukunyar yumbu tana saurin bushewa fiye da ta roba, don haka ita muke ba masu saurin kai hannu ga buta shawara.

Musayar iri kuwa ta yi armashi. Echeveria, wadda yawancin jinsinta daga Meziko yake, ganye ɗaya ya isa a samu sabon tsiro: a ɓalle shi gaba ɗaya, a bar bakin ya bushe na 'yan kwanaki, a kwantar a kan ƙasa. Crassula ovata ta fi sauƙi ta reshe. Haworthia ta Afirka ta Kudu 'ya'ya take fitarwa a gindi, kuma ba ta son rana mai ƙuna, abin da sababbin membobi kan manta. Wanda tsironsa ya miƙe sirit, ganye ya yi nisa da juna, haske ne ya yi masa kaɗan.

Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga sun shiga tukwane da dama bayan musayar. Sinadarin isopropyl, wani nau'in sifirit na kashe ƙwayoyin cuta, da aka jiƙa auduga da shi aka goge su, ya yi maganinsu. Daga yanzu duk baƙon tsiro a ware shi gefe tukuna. Masu Euphorbia kuma su riƙa sa safar hannu, farin ruwanta yana ƙona fata, ya fi muni a ido.

Mun kuma tattauna satar tsirrai daga daji. Abin ya yi ƙamari har Afirka ta Kudu ta sa Conophytum, wasu ƙananan tsirrai masu kaurin ganye, cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, a 2023. Matsayinmu shi ne kada memba ya sayi tsiron da mai sayarwa ya kasa faɗin inda aka rene shi.

Rajistar sunayen tsirran membobi ba ta kammalu ba, ita za mu fara da ita a sabuwar shekara. Kowa ya zo zama na gaba da hoton tukwanensa, waɗanda ake bi kuɗin ƙungiya kuma su ga ma'aji.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya