Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu masu tsofaffin jiragen shaƙatawa

Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, mun rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan wani koke da ya yawaita a ofishinmu, musamman daga waɗanda suka sayi jirgin ruwa mai inji wanda ya haura shekara 30 yana aiki. Koken dai shi ne, kuɗin kulawa da gyara na 'yan shekaru kaɗan yakan kusa kamo kuɗin da aka sayi jirgin da shi, har wasu suna zargin ko mu ne muke ƙara gishiri a takardar ƙiyasi. Mun ga ya fi dacewa mu yi bayani a rubuce, domin kowa ya san inda kuɗinsa yake tafiya.

Tushen maganar shi ne, farashin jirgi yana faɗuwa da shekaru, amma ɗawainiyarsa ba ta faɗuwa tare da shi. A wannan sana'a an saba cewa mai jirgi ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajar jirginsa duk shekara domin riƙe shi, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya a kan sabon jirgi. A kan tsoho kuwa tana yaudarar mutane, domin sai su lissafa kason a kan arahar da suka samu ranar ciniki, alhali ɗawainiyar tana bin girman jirgin da yawan na'urorin da ke cikinsa. Matsayar jirage da mita take auna kuɗin wuri, ba ta tambayar shekarar da aka ƙera jirgi. Haka ma na'urar da ke ɗaga shi zuwa tudu, haka fentin da ƙasansa zai sha, haka famfon da ya lalace. Jirgi mai tsawon mita 14 da aka ƙera a 1985 yana cin waɗannan daidai da sabon ɗan'uwansa, sannan ya ƙara da cututtukan tsufa.

Akwai kuɗaɗen da suke zuwa duk shekara ko an fita da jirgi ko ba a fita ba. Ban da kuɗin wuri da inshora, dole a fito da shi daga ruwa a wanke, a sabunta fentin da ke hana gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo manne masa. Fentin zamanin da, mai sinadarin TBT, yana da ƙarfi sosai, amma ya yi wa halittun ruwa illa, shi ya sa Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008. Yawancin na yanzu jan ƙarfe ne a cikinsu, kuma ana sabunta su duk shekara ɗaya ko biyu gwargwadon ruwan da jirgi yake zaune a ciki. Sai kuma curin ƙarfen da ake ɗaurawa a sandar farfela da sauran ƙarafan ƙasan jirgi domin su cinye a madadinsu: tutiya ko alminiyam a ruwan gishiri, magnesiyam a ruwan daɗi. Ba su da tsada, amma wanda ya yi sakaci da su farfelarsa ce za ta biya. Kamfanonin inshora kuma sukan nemi rahoton ƙwararren mai bincike lokaci zuwa lokaci idan jirgi ya tsufa, kuma abin da ya rubuta a gyara, ya zama wajibi kafin a sabunta takarda.

Inji ne abin da masu jirgi suka fi tsoro, amma a ganinmu ba a inda ya dace suke ajiye tsoron ba. Tsofaffin injinan dizal irin su Detroit Diesel 6-71 da Caterpillar 3208 da Ford Lehman da Perkins suna da juriya, kuma da wuya mu ga wanda yawan aiki ya kashe. Zama ne yake kashe su, da ruwan gishirin da ke ratsa su domin sanyaya su. Jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan teku ake zuƙowa ya bi ta cikin siraran bututu ya ɗebe zafin, sannan a haɗa shi da hayaƙi a gwiwar salansa, wato lanƙwasar bututun hayaƙi, ya fita. Famfon da ke zuƙo ruwan wata 'yar roba ce mai fuka-fukai take juya shi. Idan ta daɗe a zaune sai fuka-fukan su sandare a lanƙwashe, ranar da aka tayar da inji su karye, gutsattsarin su toshe bututun, kafin a ankara inji ya ɗau zafi. Gwiwar salansa kuma daga ciki take ruɓewa, ta waje fentinta fes, har ranar da za ta huje ruwan gishiri ya koma cikin silinda. Canza robar aikin ƙasa da awa ɗaya ne, canza gwiwar aikin yini, amma sauke inji a cikin jirgin da aka gina ɗakin zama a kansa yakan kai ga a cire daɓe da kujeru kafin a kai ga ƙugiya. Jirgi mai inji biyu kuwa, komai nasa biyu ne: baƙin mai, filtoci, giyabos, sandar farfela. Kayan gyaran waɗannan injina har yanzu ana samun da yawa daga cikinsu, sai dai an daina ƙera injinan shekaru da dama, don haka wasu sassan sai an yi jira.

Kuɗin man dizal shi kaɗai ne yake hannunku kai tsaye. Injin dizal yana shan kusan lita 0.2 a awa a kan kowane ƙarfin doki ɗaya da aka nema daga gare shi. Inji biyu masu ƙarfin doki 300 kowanne, idan aka buɗe musu wuta gaba ɗaya, za su sha kusan lita 120 a awa. Jirgin da tsawonsa a kan ruwa ya kai mita 11 kuma, muddin bai wuce gudun mil 8 na ruwa a awa ba, ƙarfi kaɗan yake buƙata, shan mansa kuma ya ragu ninkin-ba-ninkin. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne man da ya kwana a tanki. Dizal na zamani a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da man tsirrai, a Turai har zuwa kashi 7 cikin 100, kuma irin wannan man yana jan laima. Ruwa ya taru a ƙasan tanki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakaninsa da man, su bar baƙin datti. Dattin yana kwance lafiya har ranar da igiyar ruwa ta girgiza jirgi, sai ya taso ya toshe filta a daidai lokacin da aka fi buƙatar inji.

Babbar asarar da muka fi gani ba daga ƙasa take shigowa ba, daga sama take. Jirage da yawa na shekarun 1970 da 1980 an shimfiɗa musu katakon tik a kan daɓe, aka ɗaure shi da ɗaruruwan sukurori, ƙarƙashinsa kuma faiba ce, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, hawa biyu da katakon balsa ko filawud a tsakiya. Da shekaru suka ja, katakon ya siɗe, ƙullin da ke rufe kan sukurori ya fita, ruwan sama ya bi ramukan ya jiƙa na tsakiyar har ya ruɓe. Alamarsa ita ce daɓen ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, idan aka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma kuma sautin ya fito a dushe. Daga nan ruwan yakan ɗiga a kan tankunan mai na baƙin ƙarfe, su yi tsatsa daga saman da ido ba ya kaiwa, kuma sau da yawa ba a iya fitar da su sai an yanka su gunduwa-gunduwa ko an ɗaga inji. Sabon katakon tik ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, musamman tun da Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba wa kamfanin katako na gwamnatin Myanmar takunkumi a 2021. Shawararmu a mafi yawan lokuta ita ce a cire shi, a gyara daɓen, a shafa fenti marar santsi. Mun san wasunku ba sa son jin haka, domin katakon ne ya ja hankalinsu ga jirgin tun farko.

Ƙurajen da ke fitowa a jikin faiba saboda ruwan da ya ratsa ta suna tayar wa masu jirgi hankali fiye da kima. Galibinsu ana buɗe su a busar a cike. Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne bawul da tiyo da ke ƙasa da layin ruwa. Bawul ɗin da aka yi da ƙarfe mai arha, tutiyar cikinsa takan zube, idan aka kankare shi a ga ya yi ja-ja, kuma irin wannan yana iya karyewa a hannu. Tsofaffin wayoyin lantarki da kowane mai jirgi na baya ya yi wa nasa ƙari suna cikin manyan musabbabin gobara. Na'urorin sanyaya ɗaki masu iskar R-22 da na kashe gobara masu halon su ma lokacinsu ya wuce, tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka yi ta janye waɗannan sinadarai, don haka idan sun lalace musanya su ake yi.

Saboda duk wannan, daga yanzu za mu buɗe wa kowane jirgi da ke hannunmu jadawalin shekara 5 a rubuce. Za mu fara da abin da zai iya nutsar da jirgi ko ya tayar da gobara, wanda ba za mu yarda a ɗage shi ba, sannan abin da jinkirinsa zai ninka kuɗinsa, kwalliya kuma ta zo a ƙarshe ga mai hali. Ba za mu taɓa aikin da ba ya cikin ƙiyasi ba sai mun kira ku mun nuna muku hoto ko abin da muka ciro. Wanda yake son ya riƙa canza baƙin mai da filta da robar famfo da kansa, makanikanmu za su nuna masa, domin mai jirgin da ya san ɗakin injinsa yakan gano yoyo tun yana ɗigo. Idan kuma muka ga gyaran da jirgi yake buƙata ya zarce abin da zai taɓa yin daraja, za mu faɗa muku kafin ku kashe ko sisi, ko da hakan zai sa mu rasa aikin.

Muna roƙon ku kawo mana duk takardun gyaran baya da rahoton bincike na ƙarshe da kuke da shi a zuwanku na gaba, domin da su za mu fara tsara jadawalin. Wanda kuma yake shirin sayen wani tsohon jirgi, ya sanar da mu kafin a biya kuɗi, a fito da jirgin tudu a duba shi, a kuma gwada injinansa a ruwa da cikakken gudu.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Masu gudanarwa da ma'aikatan wurin gyaran jirage